Direban Wi-Fi a Linux

Direban Wi-Fi a Linux ƙaramar manhaja ce da ke haɗa kanel, wato zuciyar tsarin aiki na Linux, da katin Wi-Fi da ke cikin kwamfuta. Ta hanyarsa ne kwamfutar ke ganin hanyoyin sadarwa marasa waya da ke kusa da ita, ta kuma shiga intanet ta cikinsu. Idan babu direban da ya dace, tsarin aikin ba zai iya sarrafa katin ba, ko da katin lafiyarsa ƙalau.

Rashin aikin Wi-Fi na daga cikin matsalolin da aka fi sani ga masu cire Windows daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka su ɗora mata Linux. Sau da yawa kwamfutar kan tashi daidai, allo da sauti da madannai duk suna aiki, amma jerin hanyoyin Wi-Fi ba ya fitowa. A mafi yawan lokuta ba lalacewar kati ba ce. Abin da ke faruwa shi ne ɗaya daga cikin abubuwa uku: ko babu direba, ko akwai direba amma babu famwayar da katin ke buƙata, ko kuma an toshe rediyon katin ta makunni. Wane gyara za a yi ya danganta ne da cif ɗin da ke cikin katin, ba da sunan kwamfutar ba.

## Dalilin matsalar

Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka kan sayar da ita da Windows a ciki, tare da direbobin dukkan sassanta. Waɗannan direbobi an rubuta su ne don Windows kaɗai. Da zarar an goge faifan kwamfutar an ɗora wani tsarin aiki, su ma sun tafi, kuma ko da an ajiye su ba za su yi aiki kai tsaye a Linux ba.

Mutane kan yi wannan sauyi ne galibi idan Microsoft ya daina tallafa wa Windows ɗin da ke kan na'urarsu. An daina tallafa wa Windows XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, sannan Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana buƙatar cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da sababbin masarrafai, abin da ya sa kwamfutoci da dama masu aiki lafiya ba su cancanci karɓarsa ba. Nau'o'in Linux marasa nauyi irin su Lubuntu, Linux Mint Xfce, Debian da antiX kan tsawaita rayuwar irin waɗannan na'urori.

A Linux, akasarin direbobi suna zuwa ne cikin kanel ɗin kansa, shi ya sa katuna da yawa ke kama aiki ba tare da an girka komai ba. Amma kanel yana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta a bayyana lambobin asali na duk abin da ke cikinsa. Wasu masu ƙera cif sun ƙi bayyana yadda kayansu ke aiki, wasu kuma sun hana a rarraba fayilolinsu ba da izininsu ba. Daga cikin hujjojin da suka riƙa kawowa akwai sirrin kasuwanci da dokokin hukumomin sadarwa, waɗanda suka ƙayyade ƙarfin sigina da tashoshin da na'urar rediyo za ta yi amfani da su. Don haka tushen matsalar ya fi karkata ga lasisi da kasuwanci fiye da gazawar fasaha.

## Sassan da ke aiki tare

### Kati da cif

Katin Wi-Fi ɗan ƙaramin allo ne da ke cikin kwamfutar, yana haɗe da eriya ta siraran wayoyi da suka bi ta bayan allon kallo. A kwamfutocin farkon shekarun 2000 yakan zo a siffar Mini PCI, ko kuma katin PCMCIA da ake zurawa ta gefe. Daga baya aka koma Mini PCI Express, sannan M.2. A kan katin akwai cif, wanda shi ne ke yin ainihin aikin. Kamfanoni kaɗan ne suka mamaye ƙera cif ɗin tsofaffin kwamfutoci: Intel, Broadcom, Atheros, Ralink da Realtek. A 2011 Qualcomm ya sayi Atheros, MediaTek kuma ya sayi Ralink.

Sunan da aka rubuta a kati ba koyaushe yake nuna cif ɗin ba. Katin da ake kira Dell Wireless 1390, alal misali, cif ɗin Broadcom BCM4311 ne a cikinsa, Dell Wireless 1397 kuma BCM4312. Haka nan kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya na iya zuwa da katuna daban, gwargwadon lokacin da aka haɗa su da ƙasar da aka sayar da su.

### Direba da famwaya

Direba yana gudana ne a cikin kanel, galibi a matsayin modul da ake lodawa idan an ga na'urar da ta dace da shi. Famwaya kuwa wata manhaja ce dabam da ke gudana a cikin cif ɗin kansa. Cif da yawa ba su da ma'adana ta dindindin da za su riƙe ta, don haka duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai direba ya ɗauko fayil ɗin daga babban fayil na `/lib/firmware` ya tura wa katin. Idan fayil ɗin ba ya nan, direba zai lodu amma katin ba zai farka ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin direba na iya zama buɗaɗɗe kuma yana cikin kanel, alhali famwayarsa rufaffiya ce kuma ba ta zo cikin faifan girkawa ba.

### Matakan da ke sama

A saman direba akwai wasu sassa na kanel da ake kira mac80211 da cfg80211, waɗanda ke kula da ƙa'idojin Wi-Fi na bai ɗaya da dokokin tashoshi na kowace ƙasa. Manhajar wpa_supplicant, wadda Jouni Malinen ya rubuta, ita ke tantance kalmar sirri. NetworkManager, wanda kamfanin Red Hat ya fara a 2004, shi ne ke nuna jerin hanyoyin sadarwa da mai amfani ke gani a kusurwar allo. Tangarɗa a kowanne daga cikin waɗannan matakai na iya bayyana ga mai amfani a siffa ɗaya, wato babu intanet.

## Tarihi

Cibiyar IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11 ta farko a 1997, mai saurin da bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 aka samu 802.11b mai megabit 11 da 802.11a mai megabit 54, a 2003 aka samu 802.11g, a 2009 kuma 802.11n. Daga 2003, lokacin da Intel ya ƙaddamar da tsarin Centrino, Wi-Fi ya zama abin da ake sa ran samu a kowace sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. A wannan lokacin cif da yawa ba su da direban Linux ko kaɗan.

Mafita ta farko da ta yaɗu ita ce NDISwrapper, wanda Pontus Fuchs ya fara a 2003, daga baya Giridhar Pemmasani ya ci gaba da kula da shi. Aikinsa shi ne kwaikwayon sashen Windows da direbobin sadarwa ke magana da shi, ta yadda za a ɗauko fayilolin `.inf` da `.sys` na direban Windows XP a yi amfani da su a cikin Linux. Ya taimaki mutane da yawa, amma yana da iyaka. Yana aiki ne a masarrafan x86 kawai, dole direban ya dace da kanel ta fuskar bit 32 ko bit 64, kuma bai iya ɗaukar sabon salon direbobi da ya zo tare da Windows Vista ba. A yau kusan an daina amfani da shi.

Kamfanonin sun bi hanyoyi daban-daban. Intel ya ɗauki nauyin buɗaɗɗun direbobi tun da wuri, ipw2100 da ipw2200, sannan iwlwifi, kuma ya yarda a rarraba famwayarsa. Katunan Atheros sun fara aiki ne da MadWifi, wanda wani sashensa rufaffe ne. A 2008 aka shigar da ath5k cikin kanel, a shekarar ce kuma Atheros da kansa ya saki ath9k a buɗe. Cif ɗin da ath9k ke sarrafawa ba sa buƙatar wani fayil na famwaya, shi ya sa suke aiki har a nau'o'in Linux irin su Trisquel da ba sa karɓar rufaffiyar manhaja ko kaɗan. Katunan Ralink sun samu tallafi ta aikin rt2x00.

A 2007 aka shigar da mac80211 cikin kanel 2.6.22. Kafin nan direbobi da dama kowanne yana da tasa hanyar aiwatar da ƙa'idojin Wi-Fi. Samun tushe ɗaya ya sauƙaƙa rubuta sababbin direbobi, ya kuma rage bambancin ɗabi'a tsakanin katuna.

Debian ya daɗe ba ya saka rufaffiyar famwaya a faifan girkawarsa na hukuma, abin da ya sa masu girka shi a kwamfutar tafi-da-gidanka kan rasa Wi-Fi tun a matakin farko. A 2022 masu haɓaka Debian suka kaɗa ƙuri'ar sauya wannan matsayi, kuma daga Debian 12, wanda ya fito a watan Yuni 2023, faifan yana zuwa da famwayar da lasisinta ya yarda a rarraba.

Tsufa ma yana da nasa tasirin. A kanel 6.8 na shekarar 2024 an cire wasu direbobin katunan 802.11b na zamanin PCMCIA, irin su orinoco da airo, saboda an daɗe babu mai kula da su.

## Cif ɗin Broadcom

Broadcom ne misalin da aka fi ambata a wannan fanni, domin katunansa sun cika kwamfutocin Dell, HP, Acer, Lenovo da Apple na tsawon shekaru, kuma akwai direbobi da yawa da ke takarar kati ɗaya.

Da yake kamfanin bai fitar da bayanan cif ɗinsa ba, masu aikin sa kai ne suka warware yadda suke aiki. Sun raba kansu gida biyu: rukuni ɗaya ya nazarci rufaffun direbobin Broadcom ya rubuta bayanin abin da ya gano, rukuni na biyu kuma, wanda bai ga waɗancan direbobi ba, ya rubuta sabon direba daga bayanin kawai. An yi haka ne don kauce wa zargin kwafar kayan kamfani. Sakamakon shi ne bcm43xx, wanda ya shiga kanel 2.6.17 a 2006. A farkon 2008 aka maye gurbinsa da b43 da b43legacy a kanel 2.6.24. Michael Büsch da Johannes Berg na cikin waɗanda suka yi fice a aikin, sai Larry Finger, wanda ya daɗe yana kula da direbobin Broadcom da Realtek har zuwa rasuwarsa a 2024.

A 2008 Broadcom ya fitar da nasa rufaffen direban, wanda ake kira wl ko Broadcom STA. A watan Satumba 2010 kuma ya saki buɗaɗɗen direba ga wasu sababbin cif, wanda daga baya ya rabu zuwa brcmsmac da brcmfmac. Wannan ya haifar da rabon aiki kamar haka:

- b43legacy: cif mafi tsufa, irin su BCM4301 da farkon bugun BCM4306.
- b43: BCM4306 na baya, BCM4311, BCM4312, BCM4318, BCM4331 da wasu. Yana buƙatar famwayar da ba ta zuwa da tsarin.
- brcmsmac: BCM4313, BCM43224 da BCM43225. Famwayarsa tana cikin tarin linux-firmware.
- brcmfmac: sababbin cif da ke yin akasarin aikin a cikin famwayarsu.
- wl: shi kaɗai ne ke aiki da wasu cif, irin su BCM43142 da BCM4360, wanda ake samu a kwamfutocin MacBook Air na 2013 zuwa 2017.

Famwayar b43 ce ta fi wahalar da sababbin masu amfani. Broadcom bai ba da izinin rarraba ta ba, don haka nau'o'in Linux ba sa saka ta a faifansu, har da Debian 12. Abin da ake yi shi ne a sauke rufaffen direban kamfanin, sannan wata manhaja mai suna b43-fwcutter ta yanko famwayar daga cikinsa. A Debian da Ubuntu da Linux Mint, ƙunshin `firmware-b43-installer` ne ke yin wannan aiki da kansa. Sai dai ƙunshin yana buƙatar intanet kafin ya yi aiki, ga shi kuma intanet ɗin ne ake nema.

Shi ma wl yana da nasa matsalolin. Bugunsa na ƙarshe, 6.30.223.271, ya fito ne a 2015, kuma tun daga nan masu kula da nau'o'in Linux ne ke yi masa kwaskwarima don ya dace da sababbin kanel. Ba ya goyon bayan tsaron WPA3. Ba ya aiki da BCM4306 ko BCM4318. Sannan idan aka girka shi, yakan saka b43, brcmsmac, bcma da ssb cikin jerin modul da aka hana lodawa. Wanda ya girka wl a kan cif ɗin da ba nasa ba yakan ƙare ba shi da direba ko ɗaya, kuma ko ya ɗora famwayar da ta dace daga baya, b43 ba zai tashi ba sai an cire wl. A wasu tsofaffin kwamfutocin Dell masu cif ɗin BCM4401 a mashigar igiya, hana ssb kan kashe har da intanet na igiya, domin direbansa b44 ya dogara da ssb.

## Gano matsala da gyara

### Gano cif

Mataki na farko shi ne sanin ainihin cif ɗin. A tagar umarni, `lspci -nnk` yana jero na'urorin da ke cikin kwamfutar, da lambar shaidar kowacce, da direban da ke riƙe da ita idan akwai. Ga na'urorin USB ana amfani da `lsusb`. Lambar shaida kashi biyu ce. Kashin farko na kamfani ne: 14e4 na Broadcom, 8086 na Intel, 168c na Atheros, 1814 na Ralink, 10ec na Realtek. Kashi na biyu na cif ne, kuma ba koyaushe yake daidai da sunansa ba: 14e4:4315 yana nufin BCM4312, 14e4:4727 yana nufin BCM4313, 14e4:4365 kuma BCM43142. Da wannan lamba ake tantance direba, ba da sunan kwamfuta ba.

Umarnin `dmesg` yana nuna saƙonnin da kanel ya rubuta lokacin tashi. Idan famwaya ce babu, yakan ambaci sunan fayil ɗin da ya nema bai samu ba, kamar `b43/ucode5.fw`.

### Makunnin rediyo

Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa na shekarun 2000 suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, ko kuma maɓallin Fn da ake haɗawa da ɗaya daga maɓallan F, don kashe rediyo. Umarnin `rfkill list` yana nuna toshewa iri biyu. Ta manhaja ana buɗe ta da `rfkill unblock all`. Ta na'ura kuwa ba ta buɗuwa da umarni, sai an taɓa makunnin ko an kunna Wi-Fi a saitin BIOS. Wani lokaci modul ɗin da ke kula da maɓallan kamfani, irin su acer_wmi ko ideapad_laptop, kan yi kuskuren ba da rahoton cewa makunnin a kashe yake. A irin wannan hali hana modul ɗin lodawa kan warware matsalar. A kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux tare, tsarin saurin tashi da ya zo da Windows 8 kan bar katin cikin yanayin da Linux ba zai iya tashe shi ba, har sai an kashe wannan saiti.

### Intanet na wucin gadi

Domin sauke direba ko famwaya ana buƙatar wata hanyar intanet na ɗan lokaci. Igiyar Ethernet daga rauta ita ce mafi sauƙi, domin direbobinta kusan duk suna cikin kanel. Inda babu igiya, ana haɗa wayar Android da kebul na USB a kunna raba intanet ta USB daga saitin wayar, kuma Linux kan gane ta nan take a matsayin hanyar igiya. Wayar iPhone ma tana yi, amma tana buƙatar direban ipheth da manhajar usbmuxd. Hanya ta uku ita ce a sauke fayilolin a wata kwamfuta a kawo su cikin filashi. Wasu bugun Ubuntu da Linux Mint suna ɗauke da ƙunshin wl a cikin faifan girkawa, kuma ana iya ɗauko shi daga nan ba tare da intanet ba.

Hanyar waya ta fi dacewa da yanayin ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda yawancin mutane ke shiga intanet ta layin waya ba ta igiyar gida ba, kuma inda kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo, suka yawaita a hannun ɗalibai.

### Girkawa

Ubuntu da Linux Mint suna da manhajar sarrafa ƙarin direbobi da ke duba na'ura ta ba da shawara. Ana kuma iya girka ƙunshin kai tsaye. A Debian famwaya tana rabe bisa kamfani: `firmware-iwlwifi`, `firmware-realtek`, `firmware-atheros` da `firmware-brcm80211`. Direban wl yana zuwa da sunan `broadcom-sta-dkms` a Debian, `bcmwl-kernel-source` a tsofaffin bugun Ubuntu, `broadcom-wl` a Arch Linux da kuma ma'ajiyar RPM Fusion ta Fedora. Bayan girkawa ana sake kunna kwamfutar, ko a loda modul ɗin da umarnin `modprobe`.

Direban da ba ya cikin kanel dole a sake gina shi duk lokacin da aka sabunta kanel. Tsarin DKMS, wanda kamfanin Dell ya ƙirƙira a 2003, yana yin wannan da kansa, amma idan ginin ya gaza Wi-Fi kan ɓace bayan sabuntawa. Haka kuma a kwamfutocin da aka ƙera daga 2012 zuwa sama masu tsaron Secure Boot, kanel kan ƙi loda modul ɗin da ba a sa masa hannu ba. Mafita ita ce a yi wa mabuɗin sa hannu rajista, ko a kashe tsaron daga saitin na'ura.

## Matsalolin da ba na direba ba

Wani lokaci direba yana aiki, amma tsufan katin ne ke hana shi haɗuwa da hanyoyin zamani.

- Zango: katunan 802.11b da 802.11g suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4 kawai. Idan rauta ko hotsifot na waya yana watsawa a gigahaz 5, katin ba zai gan shi ba sam. Ana sauya zangon daga saitin wayar ko rautar.
- Tsaro: an karya tsarin WEP tun 2001, aka maye gurbinsa da WPA a 2003, WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Tsofaffin katuna da direbobi da dama ba sa iya WPA3. Alamarsa ita ce kwamfuta ta ga hanyar amma ta yi ta neman kalmar sirri. Saita rautar a WPA2 kan warware wannan.
- Tasha: a zangon gigahaz 2.4, Amurka tana amfani da tasha ta 1 zuwa ta 11, Turai da ƙasashe da dama kuma har zuwa ta 13. Katin da aka saita don Amurka na iya kasa ganin rautar da ke tasha ta 12 ko ta 13. Umarnin `iw reg set` tare da lambar ƙasa, kamar NG ga Najeriya ko NE ga Nijar, yana gaya wa kanel dokar da zai bi, ko da yake wasu katuna suna da tasu iyakar da aka kafa tun daga masana'anta.
- Tanadin wuta: wasu katuna kan yanke haɗi idan sun shiga yanayin tanadin batir. Ana kashe shi daga saitin NetworkManager.
- Eriya: cif ɗin Realtek RTL8723BE, a kwamfutocin da aka haɗa masa eriya ɗaya maimakon biyu, ya yi suna wajen raunin sigina, saboda direba kan zaɓi mashigar da babu waya. Zaɓin `ant_sel` yana gyara wannan.
- Agogo: idan ƙaramin batirin da ke riƙe da agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata kan koma baya da shekaru. Wi-Fi zai haɗu, amma shafuka masu tsaro da ma'ajiyar manhajoji za su ƙi buɗuwa har sai an gyara lokacin.

## Sauya kati

Idan cif ɗin ba shi da direba mai inganci, ana iya sauya katin. A tsofaffin kwamfutoci da yawa katin yana ƙarƙashin ɗan murfi a bayan na'urar, kuma sukurori ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi. Katunan Intel da na Atheros masu amfani da ath9k ne aka fi zaɓa. Sai dai wasu kwamfutocin ThinkPad da na HP suna da jerin katunan da BIOS ya amince da su, kuma idan aka saka wani dabam sukan ƙi tashi, su nuna kuskure mai lamba 1802 a ThinkPad ko 104 a HP.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB. A nan ma cif ne abin dubawa. Bugun farko na TP-Link TL-WN722N yana ɗauke da Atheros AR9271 mai cikakken tallafi a kanel, amma bugu na biyu da na uku, masu suna ɗaya da kamanni ɗaya, suna ɗauke da cif ɗin Realtek ne. Cif ɗin Ralink RT5370 da MediaTek MT7601U, waɗanda ake yawan samu a na'urori masu araha, suna da direbobi a cikin kanel.

Kafin a goge Windows, ana iya tada kwamfutar da Linux daga filashi ba tare da an girka shi ba. Idan jerin hanyoyin Wi-Fi ya fito a wannan gwaji, galibi zai fito bayan girkawa. Idan bai fito ba, lokacin ne ya fi dacewa a rubuta lambar cif ɗin a kuma tanadi fayilolin da ake buƙata, tun kwamfutar tana da intanet.

## A sauran tsarukan aiki

Matsalar ba ta taƙaita ga Linux ba. Wanda ya sake ɗora Windows daga faifan da ba na kamfanin kwamfutar ba, shi ma yakan rasa Wi-Fi har sai ya samo direba, kuma akwai tsofaffin katuna da ba a taɓa rubuta musu direban Windows 10 ba. A FreeBSD, direbobin bwi da bwn ne ke sarrafa tsofaffin cif ɗin Broadcom, kuma su ma sai an girka musu famwaya dabam. FreeBSD ya taɓa samun irin NDISwrapper nasa, wanda Bill Paul ya rubuta, amma an cire shi a bugu na 14.

## Duba kuma

- Linux
- Wi-Fi
- Tsarin aiki na kwamfuta
- Kwamfutar tafi-da-gidanka
- Buɗaɗɗiyar manhaja
- Debian
- Ubuntu